“Mun bar maku shi kyauta”: yadda yara ke raba tim a darasin PHE

Duk wanda ya yi makarantar gwamnati a nan Kebbi ya san tsayuwar nan. An kaɗa ƙararrawa, malamin PHE, wato darasin motsa jiki da lafiya, ya fito da ƙwallo ɗaya a hammata da usur a wuya, ya kira yara biyu ya ce ku raba kanku, shi kuma ya ja benci ya koma gindin bedi. Sauran aji su jeru cikin rana, kyaftin biyu a gaba suna nuna mutane da yatsa, ni wane, ni wane, ni wane. Minti biyar ba ta cika an gama, amma wallahi abin da ke faruwa cikin minti biyar ɗin nan ya fi ƙwallon da za a buga bayansa nauyi a wajen yara, kuma shi ne ba mai kulawa da shi.

Na tsaya a layin nan ina ɗalibi, daga baya kuma na riƙe usur ɗin da kaina a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo a hanyar Argungu. Ba PHE na karanta ba fa, lissafi nake koyarwa, aka ce ba malami sai ka riƙa fita da su, shi ke nan na zama gem masta dare ɗaya. To na ga abin ta gaba na gan shi ta baya.

Yawancin mutane sun ɗauka iya wasa kawai ake bi. Iya wasa yana aiki, amma a mutum uku ko huɗu na farko ne kawai. Waɗannan ba a gardama a kansu, duk aji an san su, akwai wanda ake kira Okocha akwai wanda ake kira Ahmed Musa don gudu, ko kyaftin na gaba da shi ba sa magana sai ya ɗauke shi don ba ya son a ci shi. Daga nan ne lissafin ke canzawa, saboda yaran tsakiya kusan duk ɗaya suke a ƙafa, kyaftin ɗin kansa ba zai iya ce maka wannan ya fi wancan ba, to sai wasu abubuwan su shigo. Wa muke unguwa ɗaya da shi, wa muke islamiyya ɗaya, wa ke ba ni littafinsa in kwafi aikin gida, wa ke zuwa da kuɗin tara har ya saya mana awara ko ƙanƙara. Sannan akwai tsoro, wanda ba a faɗa amma yana nan: ƙaton ajin da in ka tsallake shi za ku haɗu a hanya bayan an tashi, ko ƙanin siniyan da ke riƙe da muƙamin leba.

Kuma ku lura da wani abu, daga zaɓin farko kyaftin ya daina zaɓe shi kaɗai. Wanda ya fara ɗauka ya zo ya tsaya a kafaɗarsa yana masa raɗa, ɗauko wane, kar ka ɗauki wancan ba ya ba da fasin, na biyu ma ya zo ya ƙara nasa, kafin a kai mutum na biyar abin ya zama kwamiti. Shi ya sa za ka ga tim guda duk 'yan unguwa ɗaya ne, ba wai an shirya ba ne, aboki ne ke jawo aboki.

Sai kuma mai ƙwallo. Ƙwallon makaranta tun zangon farko ta fashe a ƙayar aduwa, ba a sayo wata ba, to wani yaro ne ke zuwa da tasa daga gida cikin jakar littattafai. Wannan ko ƙafafunsa biyu duk na hagu ne ba ya wuce zaɓi na uku, shi ke buga fenariti, kuma ba a canza shi. Kuturu da kuɗinsa ai alkaki sai na ƙasan kwano.

Na ƙarshe-ƙarshe kuwa ba zaɓensu ake yi ba, turawa ake yi. Akwai wani yaro a aji ɗaya da ba na mantawa, ɗan siriri, wandon makarantarsa ya yi masa yawa yana ɗaure shi da igiyar leda. Ranar ya rage shi kaɗai a tsaye, kyaftin ɗin da layi ya zo kansa ya juya baya kamar bai gani ba ya fara shirya mutanensa.

Na ce kai, saura mutum ɗaya.

“Malam mun cika.”

Na ce ba ku cika ba, ku tara ne su goma.

“To Malam wanga bai iya komi ba, ko an ba shi ƙwallo hannu shika sa mata. Ku ɗauke shi ku, mun bar maku shi kyauta.”

Aka kwashe da dariya, ɗaya ɓangaren suka ce ba su so, su ma sun yafe. Shi kuma yaron yana tsaye yana zana ƙasa da babban yatsan ƙafarsa, yana dariya tare da su. Dariyar nan ce ta tsaya mini a rai, don na san ta, na yi irinta, dariya ce ta wanda ya gane in bai yi ba kuka zai zo.

Wani zai ce wasan yara ne, kafin a tashi sun manta. Ni ban yarda ba. A 2003 wasu masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, Naomi Eisenberger da abokan aikinta, sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna wasan jefa ƙwallo a kwamfuta da wasu mutum biyu, alhali ba mutane ba ne, manhaja ce aka tsara. Ana cikin wasa sai biyun suka daina jefo wa mutumin, suka ci gaba da yi tsakaninsu. Abin da aka gani shi ne wani sashen ƙwaƙwalwa da ke motsawa lokacin da mutum ke jin zafin ciwo a jiki ya motsa a nan ma. Masana na ta muhawara kan yadda za a fassara wannan, amma ka duba fa, manya ne, ƙwallon bogi ce, ba wanda ya san su a wurin, duk da haka abin ya taɓa su. To ina ga ɗan shekara goma sha biyu da ake yi wa a gaban mutum saba'in da zai koma aji ya zauna da su, kuma sati mai zuwa a sake.

Su wa ke ƙarshen layin? Kusan kullum su ne dai: mai ƙiba, ɗan ƙaramin jiki, mai gilashi, mai sikila wanda kowa ya san in ya wahala zai kwanta (wannan har da tausayi a ciki, yara na tsoron a ce su suka jawo masa), da wanda shan inna ya taɓa wa ƙafa. Sai baƙo. A 'yan shekarun nan baƙin sun yi yawa, yaran da rashin tsaro ya taso da iyayensu daga ƙauye suka shigo gari tsakiyar zango, ba su san kowa ba, ba wanda ya taɓa ganin wasansu, Hausarsu ma ana kwaikwayonta ana dariya. Irin wannan ko ya fi kowa iyawa sai ya yi makonni a ƙarshen layi, domin ba mai raɗa sunansa a kunnen kyaftin. Wani lokaci kuma zato ne ke aiki ta ɗaya gefen, a ga yaro daga Zuru a ce wannan ƙarfi gare shi a ɗauke shi difenda, ko a ga ɗan Ibo ko Bayarabe a ce ai waɗannan sun iya bal, tun ba a ga ya taɓa ta ba.

Akwai kuma maganar shekaru wadda ita ce ta fi ba ni mamaki da na fara lura. A Kanada tun 1985 wani masani Roger Barnsley da abokansa suka nuna cewa a cikin manyan 'yan wasan hoki na ƙanƙara waɗanda aka haifa a farkon shekara, Janairu zuwa Maris, sun fi na ƙarshen shekara yawa nesa ba kusa ba. Dalili shi ne ana raba rukunin yara ne daga 1 ga Janairu, to ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda alhali rukuninsu ɗaya, ya fi shi tsawo da ƙarfi, sai a ce ya fi iyawa a zaɓe shi, ya samu horo fiye da wancan, daga baya ya fi shi iyawar da gaske. Wannan fa tazarar watanni ce. Mu a nan aji ɗaya za ka samu ɗan sha biyu da ɗan sha shida, wani ya daɗe a makarantar allo kafin a sa shi boko, wani ya maimaita aji, wani noma ko kiwo ya riƙe shi. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, ɗan sha shidan nan muryarsa ta buɗe kafaɗa ta faɗaɗa, in ya sa wa ƙaramin kafaɗa sai ya tsince shi a ƙasa, amma a idon aji iya ƙwallo ne. Mu da muka ci kofin duniya na matasa har sau biyar, 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, mun san darajar tazarar shekaru a ƙwallo, ba banza ba FIFA ta fara gwajin ƙashin wuyan hannu da na'urar ɗaukar hoto ta MRI don tantance shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009 da aka yi a nan Najeriya.

To inda abin ya fi lalacewa shi ne bayan an gama rabon. Na ƙarshe ina ake kai shi? Gola, tsakanin duwatsu biyu ko takalma biyu, ko a ce masa tsaya baya kar ka wuce nan. Firiyod guda zai ƙare bai taɓa ƙwallo fiye da sau biyu ba, ɗayan ma dukansa ta yi, kuma in aka ci shi duk laifin nasa ne. Gwanin kuwa kowace ƙwallo ta kansa take bi. Wato wanda ya iya shi ke samun ƙarin koyo, wanda bai iya ba shi aka hana abin koyon, sati ya zagayo tazarar ta ƙaru, zaɓen ya sake tabbatar da kansa. Bayan zango ɗaya yaron zai fara cewa Malam cikina ke ciwo duk ranar PHE, ko ya ce shi zai tsare jakunkuna, mu kuma mu ce raggo ne.

Ni a matsayina na malamin lissafi nakan kwatanta abin da ajina. A ce na shigo na kira biyu mafi ƙoƙari na ce su zaɓi waɗanda za su zauna da su ɗaya bayan ɗaya har a zo kan wanda ba mai so, shi kuma in ce ya koma bayan aji kar ya taɓa alli. Gobe uban yaro zai zo ofishin firinsifal, kuma da gaskiyarsa. Amma a fili kullum haka ake yi ba wanda ya ga aibu, saboda a ranmu ba mu ɗauki PHE darasi ba, hutu muka ɗauke shi. Alhali yana cikin manhaja, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi yaro daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana, wanda ya fi kowa buƙatar wannan kuwa shi ne mai ƙibar nan da muka ajiye a gola.

'Yan mata kam yawanci ba su ma cikin layin. Suna gindin bishiya da hijabansu suna hira ko carafke, ko a ce su je su share aji. In aka ce su ma su raba kansu don tsallen igiya ko gudun miƙa sanda, nasu rabon tun a aji an gama shi, ƙawa da ƙawa sun riƙe hannu, ba a nuna kowa da yatsa, kawai za ka ga wata ta rage ba mai kallonta don ana gaba da ita tun shekaranjiya.

Ba na son in ɗora wa malamai duka laifin, na san yadda abin yake. Yara sun fi saba'in, ƙwallo ɗaya, minti arba'in wanda goma sun tafi wajen fitowa, ga ranar Afirilu ta Birnin Kebbi da ke haura digiri 40, kai kanka inuwa kake nema. A gyaran manhajar da hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta fara aiki da shi a 2014 an cusa PHE ne cikin darasin kimiyya da fasaha na matakin farko, kuma a makarantu da dama a allo yake ƙarewa, yaro ya haddace tsawon fili da faɗinsa ya rubuta a jarabawa. To in malami ya ce ku raba kanku, hanya mafi sauƙi ya bi, ba rigima da shi, in wani ya ji haushi abokansa ne suka yi masa.

Kuma masu kare tsarin suna da hujja ɗaya mai ƙarfi: zaɓen kyaftin yana daidaita ƙarfi. Yara sun fi malami sanin wa ya iya, in suka raba da kansu wasan yakan yi armashi. Gaskiya ne, amma ko a nan akwai ha'inci a lissafin. Ɗauki yara goma ka ba su maki daga 10 zuwa 1. In ana ɗaukar ɗaya-ɗaya, wanda ya fara zai kwashi 10, 8, 6, 4, 2, jimla 30, ɗayan ya tashi da 25. In kuwa na farko ya ɗauki ɗaya, na biyu ya ɗauki biyu, aka ci gaba biyu-biyu, sai a tashi 28 da 27. Shi ya sa ake kusan dambe a kan wa zai fara, yaran ba su san lissafin ba amma sun san sakamakonsa.

Suna kuma cewa ai ko ba a yi zaɓen ba yara sun san matsayin kowa. E sun sani, amma sani daban ne da a tsayar da kai a karanta shi a bainar jama'a duk mako da izinin malami. A unguwa da yamma in yara suka yi haka tsakaninsu wannan sha'aninsu ne, wanda bai ji daɗi ba ya tafi gida ko ya koma wani set ɗin. A makaranta ba shi da wannan damar, dole ya tsaya. Ƙungiyar malaman motsa jiki ta Amurka ma ta daɗe da sa zaɓen kyaftin a gaban jama'a cikin abubuwan da ta ce bai dace malami ya yi ba.

Wani abin da ke ƙara tsananta layin shi ne mun mayar da PHE ƙwallon ƙafa zalla, to sikeli ɗaya ake auna kowa. Alhali a ƙasar Kabi muke, inda yaro ɗan bakin gulbi ke nutso kamar kifi, ga abin da ake yi a Matan Fada lokacin bikin Argungu, ga kokawa da ko wane ƙauye na da gwaninta, ga langa da ta kai har gasar wasanni ta ƙasa, wadda ke buƙatar ɗan ƙarami mara nauyi ya zama ruwa ƙarti su tare masa hanya. Ranar da na sa aka yi langa maimakon ƙwallo layin ya hargitse, wasu 'yan baya suka dawo gaba. A intahaus kuma wani yaro da ke kiwo kafin ya zo makaranta, wanda ba a taɓa ba shi fasin ba, shi ya zagaye kowa a dogon gudu ba takalmi. Ko masu shan inna ai suna da tasu ƙwallon ta kan allo mai taya da ake bugawa da hannu, wadda a nan Najeriya aka ƙirƙiro ta. Kuma ku lura, a intahaus malamai ne ke raba yara gida-gida, ja, kore, shuɗi, rawaya, ba wanda ke cewa an tauye shi, kowa ya rungumi gidansa har da waƙa.

Na gwada hanyoyi, ba duka suka yi ba. Na raba da lambar rijista, masu mara da masu cika, sai gwanayen duk suka faɗa gefe ɗaya, aka yi shida ba ko ɗaya aka ƙare da faɗa. Na naɗa marasa ƙarfin kyaftin ina ganin na yi dabara, ashe banza, su ma Okocha suka fara ɗauka, daga nan Okocha ya karɓe zaɓen ta hanyar raɗa, na ƙarshe dai su ne na ƙarshe. Abin da ya fi aiki shi ne in zauna a gida da rijista in raba su tim-tim ƙanana, ko wane da gwani da matsakaici da mai rauni, su zauna a haka zango guda, a raba filin gida uku, ƙwallon da ba ta isa ba yara su ɗaure leda da tsumma. In tim mutum biyar ne ba yadda za ka ɓoye mutum, dole a ba shi. Amma aiki ne, kuma ba wanda zai biya ka shi.

Ranar da ban shirya ba kuma sai in koma wa dabarar da muke yi a unguwa muna yara, ban san me ya sa muka bar ta ba. Kowa ya nemi sa'ansa su koma gefe su raɗa wa juna suna, wannan zaki wannan damisa, ko sama da ƙasa, su dawo gaban kyaftin su ce zaki ko damisa, ya zaɓa bai san wa ya ɗauka ba. Ƙarfi ya daidaita tunda sa'a da sa'a ne, kuma ba na farko ba na ƙarshe. Matsala ɗaya ta fito wadda ban hango ba, ba wanda ya yarda a ce shi ne sa'an yaron nan mai igiyar leda, kowa ya kama wani da sauri, ya sake ragewa shi kaɗai. Sai na miƙa wa monita usur na naɗe ƙafar wando na ce zo, ni ne sa'anka. Muka koma gefe, na ce wane suna za mu sa, ya yi shiru can ya ce gero da dawa. Muka dawo, kyaftin ya kalle ni ya kalle shi ya daɗe yana tunani ya ce dawa, yana zaton ni ne. Yaron ne dawa. A gola dai suka sa shi, ni kuma minti goma na yi na fita ina haki.